Sallamar da Ba a Amsa Ba

Sa'adiya tana durƙushe tana manne wayar makirfo a siminti da salatif, sai idonta ya sauka a kan wasu tabo guda huɗu a gindin gwabar tsakar gida. Sawun ƙafafun kujerar Inna Delu ne. Shekara da shekaru a nan kakar tasu take zama, ta bai wa ƙofar soro baya, ta fuskanci kicin don kada wata ta cika wa miya gishiri ba da saninta ba. Tun bayan azumin bara kujerar ta tashi daga nan. Yanzu a bakin rijiya take wuni, tana kallon labulen shigowa. Kowa a gidan ya ga canjin, kowa ya kau da kai. Sa'adiya ma ba ta ce komai ba. Fim ta zauna ta rubuta.

"Darakta, biyu da kwata fa," in ji Misbahu, yana goge gilashin kyamara da bakin rigarsa. "Huɗu na bugawa nake naɗe kayana. Kamu gare ni a Hotoro, uwar amaryar nan tun safe take kirana kamar ni ne angon."

"Fitowa ɗaya ce ta rage."

"Haka kika ce kafin azahar."

Ajinsu ɗaya da Misbahu a jami'a. Shi yanzu yana da ɗan shagon ɗaukar bidiyon biki a Tarauni, kuma ya yi mata alkawarin Asabar biyu, shi da kyamararsa. Yau ce ta biyun. Gobe Lahadi da azahar za a rufe karɓar fina-finai a gasar gajerun fina-finan yara, wadda ake zaɓar mutum goma a ba su horo na wata uku. Shekara biyu a jere Sa'adiya tana cike fom ɗin gasar nan, in ta zo wajen turawa sai ta rufe kwamfuta. Bana ta rantse ba za ta sake ba.

Fim ɗin minti biyar ne kacal. Wata yarinya ce take dawowa daga islamiyya, ta ɗaga labule ta yi wa kakarta sallama har sau uku, kakar ba ta ɗago ba, domin jinta ya fara tafiya ba ta gaya wa kowa ba. Daga ranar yarinyar ta koyi zagayowa ta gabanta, ta durƙusa, ta dafa mata gwiwa kafin ta gaishe ta. Shi ke nan labarin. Hafsah, 'yar yayan Sa'adiya mai shekara tara, ita ce yarinyar. Kakar kuwa Hajiya Ladi ce ya kamata, wata tsohuwar 'yar wasan kwaikwayon rediyo da suka yi sati biyu suna gwaji da ita. Yau da hantsi ta bugo waya daga cikin mota: 'yarta ta haihu a Wudil, a yi haƙuri, a saka ta a addu'a.

Sa'adiya tana tsaye da waya a hannu kamar an dasa ta, Inna Delu ta tambayi abin da ya faru, aka matso gabanta aka gaya mata.

"Yo me ake yi a ciki da zai gagare ni?" in ji Inna. "Zama a kujera? Na fi shekara saba'in ina yin sa. Ɗauko mini mayafina mai ruwan toka."

Babu yadda Sa'adiya za ta ce a'a ba tare da ta faɗi dalili ba, dalilin kuwa ba ya faɗuwa. Da Inna ta tambayi me ya hana tsohuwar cikin fim amsa sallama, sai ta sunkuyar da kai ta ce tunani ne ya yi mata yawa. Fitowa biyu na durƙuso da dafa gwiwa sun tafi lafiya kafin azahar, har Misbahu, da yake kiran Inna da Hajiya, yana cewa ta makara da shiga harkar. Saura ta farko, wadda duk fim ɗin ya tsaya a kanta. A rubuce, kakar ta bai wa ƙofa baya ne. Amma Sa'adiya ba ta iya taɓa kujerar nan ba, sai ta ce wa Misbahu ya ɗauka daga gefe.

"Kowa ya yi shiru," in ji ta, sannan ta ba da umarnin farawa: "Akshin."

"Da wa kike?" in ji Anti Binta, mahaifiyar Hafsah, wadda aka bai wa makirfo ɗaure a sandar mofa ta ɗaga sama. "Ko ni da nake kusa da ke ban ji ba."

"Akshin!" Misbahu ya daka tsawa a madadinta.

Labule ya motsa. Hafsah ta shigo da jakarta a rataye.

"Assalamu alaikum."

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullah," in ji Inna, ta ajiye farantin shinkafar da take tsincewa. "'Yan makaranta an taso?"

"Kat," in ji Misbahu, ya tsayar da ɗaukar.

Sa'adiya ta zagayo ta tsuguna a gaban kujerar, yadda duk 'yan gidan suka koyi yi ba tare da an taɓa shawartawa ba.

"Inna, ba za ki amsa ba. Ki ci gaba da tsintarki kawai."

"Na sani, ƙawata. Suɓutar baki ce. A sake."

Aka sake. Labule ya motsa, Hafsah ta buɗe baki, kafin ta kai ƙarshen sallamar Inna ta amsa. Aka sake. Wannan karon ta amsa a hankali, kamar mai satar magana a aji. A na huɗu injin markaɗen maƙwabta ya tashi, aka tsaya jiransa minti bakwai, Misbahu yana duban agogo yana tsaki, Anti Binta ta jingine sandar tana murza kafaɗa tana cewa ita ba a gaya mata da aikin ƙarfi a fim ba. Da injin ya mutu aka nemi Hafsah aka rasa. Can ta fito daga ɗakin uwarta da hijabi ruwan hoda mai duwatsu, an shafa mata hoda, an ranbaɗa mata kwalli.

"Anti Binta, ina farin hijabin?"

"Ya yi datti."

"Da shi muka ɗauke ta a hanya satin da ya wuce. Ba zai yiwu ta taso daga makaranta da fari ta shigo gida da ruwan hoda ba."

"Wa zai lura?"

"Kowa zai lura."

"Duniya ce fa za ta kalla, Sa'a. So kike a ce yarinyar ba ta da uwa?"

Sa'adiya ta dubi fuskar Hafsah. A aji ta karanta yadda manyan daraktoci suke korar mutum daga wajen aiki da kalma ɗaya. Ita dai ta shiga ɗakin da kanta, ta zaro farin hijabin daga kwandon wanki, ta jiƙa tsumma ta goge wa Hafsah fuska. Yarinyar tana ta kumbure-kumbure.

"Anti Sa'a, na gaji da sallamar nan. Sau nawa zan shigo gida ɗaya?"

"Har sai an ƙi amsa miki."

Uku saura kwata aka yi ɗauka ta shida. Inna ta datse leɓɓanta, ta ƙura wa shinkafa ido, sallama ta farko ta wuce. Hafsah ta yi ta biyu. Kafaɗun Inna suka fara rawa kamar mai riƙe atishawa.

"Wa alaikumus salam! Kai, ba zan iya ba. Astagfirullah."

Misbahu ya dafe kai da hannu biyu.

"Hajiya, wasa ne fa. Ba sallamar gaske ba ce."

"Me ya ce?"

Sa'adiya ta maimaita mata.

"Kai mai hoto, akwai sallamar wasa ne? Sunan Allah ne a ciki. Yarinya ta shigo gidan ubanta ta yi mini addu'ar aminci, ni kuma in yi mata kunnen uwar shegu, ku haska ni duk Kano ta gani? Je ka tambaya a Gyaɗi-Gyaɗin nan, gida-gida. Ba a taɓa yi wa Delu sallama ta bar ta a ƙasa ba. Ba a taɓa ba."

Ta faɗi na ƙarshen da ƙarfi fiye da yadda maganar take buƙata. Anti Binta ta ɗaga kai tana kallon ganyen gwaba.

"To ki amsa a zuci," in ji Misbahu.

Aka gwada a zuci. Leɓɓan Inna suka yi ta motsi, kanta yana gyaɗawa, har ta ɗaga hannu ta yi wa Hafsah alamar ta ƙaraso. Misbahu ya ce a ɗauko ta ta ƙeya kawai, in ya so a cire muryar wajen haɗawa. Sa'adiya ta girgiza kai. Fuskar take so. Fuskar tsohuwa kwance da kwanciyar hankali, da yarinya tana kira a cikin hoto ɗaya. In babu wannan babu fim, sai dai yarinya mai yawo da jaka.

"Sai ki samo mana fatawa," in ji shi.

Da gatse ya faɗa, amma Anti Binta ta riga ta ciro waya. Ta kira Malam Isyaku, limamin masallacin layinsu, ta saki muryar a fili. Yana cikin adaidaita sahu a titin gidan zu, ana jin hon da ihun masu talla. Sai da ya gaishe da kowa, ya tambayi maigidan, ya tambayi jikin Inna, sannan ya saurari matsalar.

"Ai wannan mai sauƙi ce," in ji shi. "In aka yi wa jama'a sallama mutum ɗaya ya amsa, ya ɗauke wa saura. Wata a cikinku ta amsa, Hajiya ta yi shirunta, babu komai in sha Allahu."

"Ba ni shi," in ji Inna.

Ta kara wayar a kunnen dama, ta mayar hagu. Muryar Malam Isyaku ta cika tsakar gidan yana cewa, "Hajiya, barka da yamma, Hajiya kina jina?"

"Malam? Malam? Kai, wayoyin nan naku ba su da sabis." Ta miƙa wa Anti Binta. "Me ya ce?"

Anti Binta ta tsaya a gabanta ta faɗa mata dalla-dalla. Inna ta gyara mayafinta.

"To, tunda Malam ya faɗa."

Ɗauka ta tara: Hafsah ta yi sallama, Anti Binta ta amsa da dukkan muryarta a daidai bakin makirfon da take riƙe da shi. Misbahu ya fizge abin kunnensa ya yi tsalle gefe yana salati. Ta goma: wani mai ruwa ya turo kura ya tsaya a ƙofar gida yana buga jarka. Ta goma sha ɗaya: Anti Binta ta amsa cikin raɗa yadda aka koya mata, Inna ta jira ta gama, sannan ita ma ta amsa.

"Inna!"

"Malam cewa ya yi ya halatta in yi shiru. Bai ce dole ba."

Sa'adiya ta juya ta tafi bakin rijiya, ta ɗebi ruwa a buta ta wanke fuskarta ba don tana jin zafi ba. Uku da kwata ta wuce. Ta tuna fom ɗin da ta riga ta cike, da sunan fim ɗin a rubuce, da gurbin da za a ɗora shi fanko. Ta tuna abin da Baba, mahaifinta, ya ce ranar da ta nemi izini: ki yi wannan karon, in bai yiwu ba sai ki karɓi koyarwar da aka samo miki, a huta. Bai faɗa da faɗa ba. Da ma da faɗa ya faɗa.

Tana tsaye a nan wata murya ta taso daga cikin soro, ta bayan labule.

"Salamu alaikum, masu gida."

Ummi ce, matar Haruna mai shagon kusa da su. Ta ga takalmin namiji a bakin ƙofa, shi ya sa ba ta ɗaga labulen ba. Inna tana tsintar shinkafarta. Ta ɗauke wata tsakuwa ta yar.

"Salamu alaikum!"

Inna ta hure ƙaiƙayi daga farantin.

"Wa alaikumus salam, shigo mana Ummi," in ji Anti Binta da sauri. Labule ya ɗaga, kan Inna ya ɗago tare da shi.

"Wa alaikumus salam. Tun ɗazu nake jin ki, na ce bari in ga ko yau ma aro ne."

Aro ne kuwa, rariya. Aka yi dariya, aka ba ta, ta tsaya tana tambayar ko za a saka ta a fim ɗin, Anti Binta ta raka ta da hira har soro.

"Kin gani?" in ji Misbahu, ya matso kusa da Sa'adiya. "Kin ga yadda Hajiya ta share matar nan? Haka nake so! Ashe ta iya, mu take wa rowa. Da na kunna kyamara da yanzu ina hanyar Hotoro."

Sa'adiya ta dubi Inna. Ta daɗe da sanin cewa ba sallama Inna take amsawa ba, labule take amsawa. Ta san dariyar Inna takan zo ne bayan ta kowa da ɗan kaɗan. Ta san rediyon ɗakinta da ake ji har layi. Sau ɗaya Baba ya ce ko za a je asibiti a duba mata kunne, Inna ta yi kwana uku ba ta ci abincin gidan ba, tana aika a sayo mata ƙosai a bakin titi. Tun daga nan ba wanda ya sake. Ta dubi tabo huɗun nan na gindin gwaba. Ta dubi rana, wadda ta karkata yamma, ta ga inuwar duk wanda ya shigo baya za ta faɗi, cikin soro, ba gaban mai zama ba.

Wayar Misbahu ta yi ƙara. Ya duba ya kife ta.

"Uwar amarya. Darakta, uku da rabi da biyar. Wallahi ɗauka ɗaya, in ta yi ta yi, in ba ta yi ba ki yafe ni."

"Matsar da kyamarar bakin kicin," in ji Sa'adiya.

"Me?"

"Ka bai wa rana baya. Ka haɗa fuskarta da ƙofar a hoto ɗaya. In na ɗaga hannu ka kunna, kada ka ce akshin, kada ka ɗago kai."

Bai taɓa jin ta yi magana haka a jere ba. Ya ɗauki kyamarar da ƙafafunta ya tafi.

Ta je ta tsuguna a gaban Inna.

"Inna, hasken nan ya gudu. Za mu mayar da ke gindin gwaba."

Inna ta dubi gindin gwabar, ta dubi labule.

"Nan ɗin me ya yi?"

"Duhu yake sa fuskarki. Na minti biyu ne. Ba ɗauka za mu yi ba tukuna, haske kawai zai gwada. Ki yi tsintarki, in mun shirya zan zo in gaya miki."

Ba ta taɓa yi wa Inna ƙarya tana kallon idonta ba. Ta yi mamakin yadda abin ya fita sumul. Inna ta miƙe tana dafa gwiwa, Sa'adiya ta ɗauki kujerar, ƙafafunta huɗu suka zauna daidai a kan tsohon sawunsu.

Anti Binta ta dawo daga rakiya ta tarar da kujerar a can. Ta tsaya.

"Sa'a."

"Ki tsaya ta bayanta da makirfon, Anti. Kada ki amsa. Kowa kada ya amsa."

"Sa'adiya."

"Ɗauka ɗaya ce."

Anti Binta ta daɗe tana kallonta, sannan ta ɗauki sandar ta koma inda aka ce. Sa'adiya ta leƙa soro ta ce wa Hafsah ta shigo in ta ƙirga goma, ta yi sallama uku, ta ɗaga murya sosai. Ta dawo bayan Misbahu ta ɗaga hannu.

A ɗan allon kyamarar, rana ta kwanta a fuskar Inna Delu kamar an shafa mata man shanu. Kowace tamoji ta fito. Yatsunta suna tafiya cikin shinkafa, suna ware tsakuwa gefe. Can bayanta labule ya ɗaga.

"Assalamu alaikum."

Inna ta ɗauke wani baƙin ƙwaro ta yar.

Hafsah ta ɗan jira. Kusan kowace ɗauka a nan ake katse ta, har ta saba. Ta gyara jakarta.

"Assalamu alaikum!"

Inna ta girgiza farantin, ta hure shi. A ƙasan maƙoshinta ta fara wani ɗan guntun amo, irin wanda take yi in tana aiki ita kaɗai, ba waƙa ba, ba tasbihi ba.

Hafsah ta dubi uwarta. Anti Binta ta sunkuyar da kai. Yarinyar ta tako taki biyu, har ta kusa taɓa mayafin. Tun da aka haife ta ba ta taɓa shigowa gidan nan muryar Inna ba ta tare ta ba.

"Inna? Assalamu alaikum. Inna!"

Babu "Inna" a rubutun. Babu kuma yadda muryar ta karye a ƙarshe, ko yadda jakar ta zame daga kafaɗarta ta faɗi ba ta kula ba. Ta tsaya a nan, idanunta sun cika, tana kallon ƙeyar tsohuwar. Inna ta sami wata tsakuwa, ta ɗaga ta a rana ta duba, ta yar.

Sa'adiya ta bar kyamarar ta ci gaba da ɗauka daƙiƙa biyar. Shida. Ta san tana ƙirgawa, ta kuma san me take ƙirgawa.

"Kat," ta ce.

Inna ta ɗago ta dubi Misbahu.

"Wai mai hoto har yanzu ba ka gama gwajin ba? La'asar ta kawo kai, shinkafar nan har ta gaji da ni."

Misbahu ya fashe da dariya. Ya baro kyamarar ya zo gabanta yana tafa hannu, yana magana da ƙarfi don murna.

"Hajiya har da tsokana! Wallahi kin gama da mu. Sau uku yarinyar nan tana rangaɗa miki sallama a baya, har da kuka, ko gezau ba ki yi ba! Wanda bai sani ba sai ya rantse ba kya ji. Darakta, na gaya miki ta iya!"

Murmushi ya zo fuskar Inna, a makare kamar kullum. Ta waiwaya. Ta ga Hafsah a tsaye dab da ita tana share ido da farin hijabi, ga jaka a ƙasa. Ta ga Anti Binta ta sauke sanda.

"Kawo in gani."

"Inna, sauri yake yi," in ji Sa'adiya. "Ana jiransa a Hotoro."

"Ai hotona ne."

"Minti ɗaya ne, bari ta ga aikinta," in ji Misbahu. Ya ciro kyamarar ya durƙusa a gefen kujerar, ya kare allon da tafin hannu saboda rana.

Inna ta matso da fuskarta. Ta ga kanta tana tsintar shinkafa. Ta ga labule ya ɗaga a bayanta. Ta ga bakin Hafsah ya buɗe ya rufe. Ya sake buɗewa, ya fi na farko. Ta ga yarinyar ta matso, ta ga jijiyar wuyanta ta miƙe, ta ga jakar ta faɗi. Ta ga tsohuwar da ke gaba ta ɗaga tsakuwa tana dubawa a rana, hankalinta kwance.

Da ya ƙare ta yi masa alama da yatsa ya mayar. Ya mayar, yana ta bayanin haske da yadda alƙalan gasa suke son irin wannan. A karo na biyu ba ta kalli kanta ba. Ta ɗora ɗan yatsa a gefen allon, daidai fuskar Hafsah, ta bar shi a nan har hoton ya tsaya.

Sai a lokacin Misbahu ya lura ba wanda yake dariya sai shi. Ya dubi Anti Binta, ya dubi Sa'adiya, maganar ta mutu a bakinsa. Ya miƙe a hankali, ya buɗe gefen kyamarar ya zaro katin da aka naɗi fim ɗin a kai, ya saka wa Sa'adiya a tafin hannu. Ɗan abu ne kamar farce, da ɗuminsa. Fim ɗinta ya cika. Ta san ya fi abin da ta rubuta kyau, ta san da Hajiya Ladi ce ba za a samu haka ba.

Daga masallacin layi aka fara kiran la'asar.

Inna Delu ta ajiye farantin a ƙasa. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta kakkaɓe zaninta. Ta dubi Sa'adiya, ba da fushi ba, irin duban da take yi wa shinkafa in tana neman abin da ya ɓuya a ciki. Sa'adiya ta buɗe baki, ta rasa da wace murya za ta yi maganar, ƙarama ko babba.

Tsohuwar ta sunkuya ta ɗauki kujerarta da kanta. Anti Binta ta miƙa hannu za ta karɓa, ta kauce. Ba ta mayar da ita bakin rijiya ba. Ta rungume ta a ƙirji ta nufi ɗakinta, ƙafa ba takalmi, tana taka simintin da rana ta gasa.

"Inna, kin bar takalminki," in ji Hafsah. "Inna!"

Ba ta waiwayo ba. Sa'adiya ta tsaya da katin a dunƙule a hannu, ba ta san ko wannan karon ta ji ba. Labulen ɗakin ya ɗaga, ya sauka.